Ranar da bindiga biyu suka ƙi tashi

Ran 30 ga Janairun 1835 aka yi jana'izar wani ɗan majalisa, Warren Davis, a ginin majalisar dokokin Amurka da ke Washington. Cikin masu fitowa har da shugaban ƙasa, Andrew Jackson, dattijo ɗan shekara 67, yana dogara sanda. Yana isowa shirayin gabas sai wani mutum ya ɓullo, ya saita shi da ƙaramar bindiga, ya ja kunama. Aka ji tas! Harsashi bai fita ba. Ya zaro ta biyu, ita ma haka. Tsoho ya ɗaga sanda ya yi kansa, jama'a suka danne maharin.

Sunansa Richard Lawrence, haifaffen Ingila, sana'arsa fentin gidaje. Ƙwaƙwalwa ta taɓu, har ya ɗauka shi ne Sarki Richard na Uku, wai kuma yana bin gwamnatin Amurka bashin da Jackson ya hana a biya shi. A watan Afrilu aka kai shi kotu, cikin minti 5 masu taya alƙali shari'a suka ce mahaukaci ne. Gidan mahaukata ya zauna har mutuwarsa a 1861.

Abin da ya ɗaure wa mutane kai shi ne, da aka gwada bindigogin daga baya, duka biyun sun tashi lafiya lau.

Da a Bauchi abin ya faru, kafin magariba labari ya zaga daga Wunti zuwa Muda Lawal cewa tsohon nan ya sha maganin bindiga. Amma tsohon maharbi, ko ɗan bindigar da ke harba ta toka a hawan sallah, zai gane inda gizo ke saƙa, domin bindigogin Lawrence irin na ɗure ne. Kunama aikinta ɗaya, ta saki ƙarfen da zai daki 'yar hular tagulla. Hular ta fashe, tartsatsinta ya bi wata siririyar kafa ya isa ga albarushi. In kafar ta toshe, ko albarushin ya sha danshi, wuta sai ta mutu a hanya. Ƙarar da aka ji ran nan ta hular ce, ke nan kunama ta yi nata aikin. Iskar ranar cike take da raɓa, masana tarihi kuma ita suka fi ɗora wa laifi. Wanda ya taɓa fita farauta da damina ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Jackson dai yana da sauran shan ruwa. Tun 1806 yake yawo da harsashi a ƙirji, kuma sai 1845 ya cika, a kan gadonsa.

Sai dai mai riƙe da bindiga ya kiyaye, wadda ta yi shiru ba lallai ta mutu ba. Albarushi mai danshi yakan ci a hankali, ya tashi bayan an fid da rai. In taka ta ƙi tashi, kada ka leƙa bakinta, kada ka juya ta wajen mutane. Bar ta tana kallon fili, ka dakata tukuna, sa'an nan ka kai wa wanda ya san gyara.