'Ya'yan Riƙo na Koriya da Neman Asali

Tun daga ƙarshen Yaƙin Koriya a 1953, an ba da riƙon yara wajen 200,000 daga Koriya ta Kudu zuwa ƙasashen waje, galibi Amurka, sai Faransa da Suwidin da Denmak. Wani manomi Ba'amurke, Harry Holt, wanda ya ɗauki yara takwas a 1955, yana cikin waɗanda suka share wannan hanya. A 1985 kaɗai an fitar da yara fiye da 8,000.

Akasarinsu sun tashi a gidajen Turawa, da sunayen Turawa, ba su jin Koriyanci ko kaɗan. A gida ana gaya wa yaro ba shi da bambanci da kowa, a makaranta kuwa fuskarsa ake fara gani. Da yawa sai bayan sun girma sun bar gida tambayar asali take taso musu gadan-gadan. Wanda ya koma Koriya kuma yakan tarar al'amarin ya juye: fuska ta saje, amma da ya buɗe baki an san baƙo ne.

Mafi ciwo shi ne batun takardu. Domin a sauƙaƙa fitar da yara, an rubuta waɗansu a kan marayu ne alhali iyayensu na da rai, an kuma musanya sunan wani da na wani. Hukumar binciken gaskiya ta ƙasar ta tabbatar da haka a 2025. Mai neman tsatsonsa yana iya share shekaru yana bin tarihin da ba nasa ba, shi ya sa da dama suka koma ga gwajin ƙwayoyin halitta.