Sintetik a Tsohon Inji: Gardamar Garejin Jibiya

Tsofaffin motoci ne ke riƙe da hanyar Katsina zuwa Maraɗi. Wanda ya tsaya a bakin iyakar Jibiya, ya dubi masu wucewa zuwa Magama da Ɗan Isa, zai ga Golf da Sharon da Hiace, ga J5 ta yi lodin da ya fi ƙarfinta, jefi-jefi kuma a hangi Peugeot 504, irin wadda kamfanin PAN ya fara harhaɗawa a Kaduna a 1975. Da yawansu sun gama ƙuruciyarsu a Turai kafin su sauka a Kwatano. Tun da aka hana shigo da motoci ta iyakokin kan tudu a Janairun 2017, Naira kuma ta yi ta zubewa, sauya mota ya zama sai mai hali. Lallaɓa inji ya zama dole, ranar juyen mai kuwa ita ce ranar gardama: a ci gaba da baƙin man da aka saba, ko a koma wa mai tsadar nan da ake kira sintetik?

Baƙin mai na gargajiya daga ɗanyen mai ake tace shi, kuma duk tacewar ba a rasa ragowar kakin da ke daskarewa da sanyi, da abubuwan da ke ƙonewa su bar dauɗa idan zafi ya yi yawa. Sintetik kuwa ko dai a masana'anta ake ƙera shi, ko a sarrafa man tacewa har ƙwayoyinsa su kusa zama bai ɗaya. Jamusawa sun yi aiki da irinsa a Yaƙin Duniya na Biyu saboda ƙarancin ɗanyen mai, amma sai a shekarun 1970 ya shiga kasuwar ƙananan motoci, inda Mobil 1 ya fito a 1974. Fifikonsa a fili yake: yana jure zafi, ba ya saurin lalacewa, yana kuma isa saman inji da wuri idan an tayar da mota da asubar hunturu. A yankin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, mota kuma na tsayawa da inji a kunne a shinge bayan shinge, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

To daga ina tsoron ya samo asali? Makanikai da yawa za su ce maka sintetik yana sa tsohon inji yoyo. Ba ƙarya suka ƙaga ba, tsohon labari ne suka gada. Wasu daga cikin man farko-farko ba sa jituwa da robobin da ke tare mai a inji. Wani ya sa su tsuke, wani ya sa su kumbura. Masu haɗa mai sun daɗe da gyara wannan. Abin da ya rage shi ne sintetik yana da wanki. Injin da ya shekara ashirin yana shan mai mai arha, akwai wuraren da robarsa ta bushe ta tsage, dauɗa ce kawai ta liƙe kafar. Sabon mai ya wanke ta, sai ɗigo ya bayyana a ƙasan mota. Kamar rufin soro ne da ruwan farko: tsagar tana nan tun rani, damina ce ta tona ta. Maganin shi ne sabon gaskit da sabuwar roba.

A ganina ma, yawancin ɓarnar da ake ɗora wa sintetik laifin kauri ne. Direba ya saba da 20W-50 ko SAE 40, sai mai shago ya miƙo masa 5W-30 ko 0W-20 don an rubuta sintetik a jiki. Waɗannan an yi su ne don sababbin injuna masu matsattsun gaɓoɓi. Lambar farko tana nuna yadda mai ke gudu cikin sanyi, ta biyu kuma kaurinsa idan ya kai digiri 100, kuma ta biyun ce ta fi shafar mu a nan. Injin da ringinsa ya ci, gaɓoɓinsa suka saki, idan ya samu mai tsinkakke sai ƙarfin harba mai ya ragu, fitilar mai ta riƙa ƙyaftawa a tsaye, shuɗin hayaƙi ya biyo baya. Mai son sauyawa ya nemi kaurin da kamfanin motar ya tsara ko abin da ya ɗan fi shi, irin su 10W-40 ko 5W-40, ba abin da ya gaza ba. Haɗa nau'in biyu ba ya ɓata inji. Rabin-sintetik da ke kasuwa ai haɗin ke nan. Ba a kuma buƙatar ɗuraye inji da kananzir ko gas kafin a zuba, al'adar da ke ɓamɓaro dauɗa ta toshe ragar famfon mai. A zuba sabon mai da sabuwar filta, a gaggauta juyen farko, a riƙa duba sandar awo kowace safiya.

Sai batun nisan juye, inda tallar ke yaudarar mutanenmu. Dubban kilomitocin da ake alkawari an auna su ne a titunan da ba su san ƙurar hunturu ba. Mai, komai kyansa, ba ya narkar da yashi. Ƙurar da ta kuɓuce wa matatar iska, da fetur ɗin da ke zurarewa ta tsohon ringi ya tsinka mai, su ne ke yanke ranar juye a Jibiya. Motar haya da ke shan lita guda duk 'yan kwanaki, zuba mata sintetik ƙona kuɗi ne, musamman bayan cire tallafin fetur a Mayun 2023. Kuɗin ya fi amfani a gyaran ringi. Wanda zai ci riba shi ne mai injin da ya tsufa amma ba ya yoyo, ba ya hayaƙi.

Akwai abin da ya fi duk wannan haɗari. Matatar Kaduna ce aka gina da sashen samar da tushen man inji a Najeriya, kuma ta daɗe ba ta aiki, don haka kamfanonin haɗa mai irin su Ammasco na Kano da Lubcon na Ilorin da sauransu sun dogara ne da shigo da shi. Tsada ta buɗe wa 'yan jabu ƙofa, hukumar SON mai kula da ingancin kaya kuma ta sha kama gurɓataccen mai. Galan mai tsada shi ya fi jan hankalinsu, domin ribar cika shi da tataccen tsohon mai ta fi yawa. A kasuwar iyaka, inda kaya ke shigowa da rubutun Faransanci da Larabci da Turanci, mai saye ya duba hatimin murfi da alamar inganci ta API, ya saya wurin dilan da aka sani, idan kuma an gama juye ya huda galan ɗin da wuƙa kafin yaran gareji su ɗauke.