Kafin mu sayi fili, mu tambayi inda ruwa yake bi

Jama'a, da rani ake yawan cinikin filaye. A lokacin ƙasa ta bushe, rairayi ya kwanta sumul, kowane fegi yana da kyaun gani. Dillali zai nuna mana iyaka, ya faɗi kuɗi. Abin da ba ya faɗi shi ne inda ruwa yake bi da damana.

Mun ga abin da ruwa yake yi. A damanar 2020, kogin Isa ya kai tsawon mita 7 a Yamai, ya shiga unguwannin Lamorde da Kirkisoy. A 2024 ɓarnar ta fi haka: mutane fiye da 300 suka rasu a ƙasarmu, fiye da miliyan ɗaya suka yi asara, jahar Maraɗi kuwa tana cikin waɗanda suka fi shan wuya. A Damagaram tsohon masallacin Birni ya faɗi. Har komawa lakwal sai da aka ɗage zuwa 28 ga Oktoba.

Ba duka gidajen da suka faɗi ne ke bisa hanyar ruwa ba. Amma wanda ya yi gini cikin kwari, ko bakin gulbi, ko bisa tsohon kududdufin da aka cike da shara, shi ruwa yake fara gaidawa. Ginin laka ba ya jure kwana cikin ruwa: gindin bango ya jiƙe, ya narke, rufi ya sauko kan masu barci. Ko gidan bai faɗi ba, ruwan da ya kwanta yana haifar da sauro, ya cika salga, ƙazanta ta gangara rijiya. Daga nan zazzaɓi da gudawa suke kama yara.

Me doka ta ce? Koguna da tabkuna dukiyar ƙasa ce, haka ma burtalin dabbobi. Ba wanda yake da ikon sayar da su, komai girman rawaninsa. Wanda ya biya kuɗinsu ya sayi rigima.

A karkara, dokar 1993 ta kafa hukumomin kula da filaye, waɗanda muke kira Kofo. Akwai su a garuruwa da kwaminoni da gundumomi. Su ne ke ba da takardar shaidar sayen gona, bayan an ji bakin mai gari da maƙwabta da magada. A birni kuwa, ma'aikatar magajin gari ake zuwa, a duba ko fegin yana cikin filayen da aka yanka bisa ƙa'ida, a kuma nemi izinin gini.

Sai dai takarda ba ta tare ruwa. Shi ya sa muke ganin ya fi kyau mai saye ya yi haƙuri har watan Agusta, ya je wurin da ƙafarsa washegarin babban ruwa. Ya dubi bangon maƙwabta, ko akwai zanen da ruwa ya bari. Ya tambayi tsofaffin unguwa sunan wurin tun da can. In suka ce fadama ko tabki, ya ji amsa.

Mu da muka koyi karatu, kada mu dangwala hannu a takardar da ba mu karanta ba. Mu duba sunan mai sayarwa, da faɗin fili, da iyakokinsa huɗu. In da faransanci aka rubuta, mu kai wa malamin ajinmu ya fassara mana tun kuɗi bai fita aljihu ba.