Faifai Ɗaya, Kwamfuta Uku: Hattara Da Wurin Ajiya

Masu iya magana sun ce da na sani ƙeya ce, a baya take. Babu wanda ya san gaskiyar wannan magana kamar ɗalibin da ya shekara yana rubuta kundin gama karatunsa, ko akawun da ya tara lissafin ofis, sa'an nan wata safiya kwamfuta ta ƙi tashi. Rigakafin wannan asara kuwa sananne ne, watau mutum ya riƙa kwafe aikinsa a faifan ajiya na waje. To, amma akwai tarkon da kan kama wanda ke aiki da Windows a ofis, alhali kuwa ta gidansa Mac ce ko Linux.

Kowace kwamfuta tana da tsarin da take jera fayil a kan faifai, kamar yadda kowane ofis yake da hanyar jera takardunsa. Windows tana amfani da NTFS, wanda ya fito a 1993. Kamfanin Apple ya koma APFS a 2017, Linux kuwa galibi ext4 take bi. Mac takan karanta faifan NTFS, amma ba ta rubutu a kansa sai an ƙara mata wata manhaja. Ita kuwa Windows ba ta gane APFS ko ext4. Wani lokaci ma in an jona mata irin wannan faifai, sai ta nemi a yi masa fomat. Duk wanda ya amince, ya share aikinsa da hannunsa ke nan.

Ina mafita? Akwai tsohon tsari mai suna FAT32 wanda dukansu suka sani, sai dai ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai gigabayit 4. Saboda haka abin da ya fi dacewa shi ne exFAT, wanda Microsoft ya fitar a 2006. Mac ta karɓe shi a 2010, aka kuma sa shi cikin ainihin ginin Linux a 2019. Dukansu uku suna karatu da rubutu a kansa.

Duk da haka exFAT yana da rauninsa. NTFS da ext4 suna riƙe da wata 'yar rajista ta aikin da ake cikin yi, domin in wuta ta ɗauke su gyara kansu. Shi exFAT ba shi da ita. Lalle ne mutum ya umarci kwamfuta ta saki faifan kafin ya zare shi, in ba haka ba fayil na iya lalacewa.

Har wa yau, masu Mac su lura. Manhajar Time Machine, wadda tun 2007 take kwafe aiki da kanta, ba ta ajiya a kan exFAT. In aka miƙa mata faifan, sai ta nemi ta share shi tukuna. Dabara ita ce a raba faifan gida biyu: ɓangare ɗaya APFS domin Time Machine, ɗaya kuwa exFAT domin musayar fayil. A yi wannan rabo tun faifan yana sabo, domin aikin yakan cinye abin da ke ciki.

Daga ƙarshe, faifan da ke yawo cikin jaka ɗaya da kwamfuta ba ajiya ba ne, gama ɓarawon da ya ɗauki jakar ya kwashe su duka. Masana sun ba da shawarar kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya kuma a wani wuri dabam. Bugu da ƙari, lokaci-lokaci a buɗe abin da aka ajiye a kan kowace kwamfuta, a tabbata yana buɗuwa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ranar da kwamfuta ta mutu kuwa ita ce ranar da za a san wanda ya yi tanadi. Allah ya kiyashe mu da asara, amin.