Me Ya Sa Turanci Ke Cewa "Went" Maimakon "Goed"?

Daga cikin tambayoyin da masu koyon Turanci suka fi yi wa malamansu akwai wadda ta shafi shuɗaɗɗen lokaci. Akan koya wa ɗalibi cewa idan aiki ya wuce, sai a liƙa wa aikatau ɗafa-ƙeyar "-ed", kamar yadda "walk" ke komawa "walked". Amma da zarar ya rubuta "goed" ko "drinked", sai malami ya soke da jan biro, maki kuma ya zube a jarrabawa.

Abin ya fi ɗaure wa Bahaushe kai, domin a harshensa ba a jikin aikatau lokaci yake ba. Akan ce "ya sha", "zai sha", "yakan sha", kalmar "sha" tana nan yadda take, abin da ke gabanta ne ke sauyawa. A Turanci kuwa aikatau ɗin kansa ne ke rikiɗa: "drink", "drank", "drunk".

Dalilin wannan rikiɗa yana cikin tarihin harshen. A tsohon Turanci, wanda aka yi amfani da shi a Ingila kafin wajejen shekara ta 1100, aikatau sun kasu manyan gida biyu. Kashi na farko yana nuna shuɗaɗɗen lokaci ta hanyar sauya wasalin tsakiya, kamar "sing", "sang", "sung". Wannan tsohon gado ne da Turanci ya yi tarayya da Jamusanci a kansa, shi ya sa Bajamushe ke cewa "singen", "sang", "gesungen". Kashi na biyu shi ne mai ƙara "d" ko "t" a ƙarshe. Ita kuwa "went" aro ce daga wani aikatau dabam, wato "wend", mai ma'anar nufar wani wuri, ta kuma maye gurbin tsohuwar siffar "go" a wajejen ƙarni na 15.

A shekara ta 2007 wasu masana daga Jami'ar Harvard ta Amurka sun buga sakamakon wani bincike a mujallar kimiyya ta Nature. Sun bi diddigin aikatau 177 waɗanda ba sa bin ƙa'idar "-ed" a tsohon Turanci, suka tarar 98 kaɗai suka rage a haka a Turancin yau. Alal misali, "help" a da tana da siffar "holp", yanzu ta koma "helped". Sun kuma gano cewa aikatau da ba a cika furtawa ba shi ke saurin miƙa wuya: wanda yawan amfani da shi ya gaza na wani sau 100 yakan bi ƙa'ida da saurin da ya ninka sau 10. Wato kalmar da ke bakin jama'a kullum ba a manta tsohuwar siffarta. Wannan ne ya sa "be", "have", "do", "go" da "say" suka tsira.

Darasin da ke nan ga ɗalibi a fili yake. Sababbin aikatau da ke shigowa Turanci ƙa'idar "-ed" suke bi, saboda haka masu bauɗewa ƙididdigaggu ne, kuma su ne aka fi cin karo da su. Ya kamata a haddace kowanne da siffofinsa uku, a cikin jimla. A kuma lura cewa bayan "did" aikatau yakan koma siffarsa ta asali, domin "did" ta riga ta ɗauki nauyin lokaci: "did you go" ake cewa, ba "did you went" ba.

Hausa ma tana da irin nata. Baƙon da ya koyi "gida, gidaje" zai yi tuntuɓe a kan "mutum, mutane" da "jirgi, jirage". Yadda Bahaushe ya ƙware a waɗannan ta yawan ji da furtawa, haka zai ƙware a na Turanci.