Fetur Mai Tsada Ko Na Kullum: Wanne Ya Dace Da Motarmu?

Wani ma'ajin jam'iyyar manoma ya aiko mana da tambaya. Ya ce sun yi karo-karo sun sayi a-kori-kura don kai amfanin gona kasuwa, sai direbansu ya ce motar Turai ce, ba ta shan sai fetur mai daraja, wanda ake kira sufa ko firimiyam. To, gaskiya ne, ko kuwa ɓarnar kuɗin jam'iyya za a yi? Mun ga ya kamata mu ba da amsa a nan domin kowa ya amfana.

Da farko bari mu duba abin da ke faruwa cikin inji. Fetur yakan gauraya da iska ya shiga silinda, fistin ya taso ya matse su, sa'an nan fulogi ya ba da wuta. Idan man bai jure matsi da zafi ba, sai wani sashensa ya fashe da kansa ba a kan ƙa'ida ba. A nan ne direba zai ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani, musamman wajen hawan tudu da kaya. In abin ya daɗe yakan ci fistin.

Jimirin da fetur ke da shi ga wannan matsi shi ake aunawa da lambar oktan. Na kullum yakan kai 91, mai tsada kuwa 95 ko 98. Ku lura da kyau: lambar ba ta nuna ƙarfin mai ba, ba ta kuma nuna tsabtarsa ba. Jimiri kawai take nunawa. Injin da aka ƙera shi da matsi mai yawa, kamar na waɗansu motocin alfarma da masu turbo, shi ke bukatar lamba babba. Injin da aka yi domin 91, ko an zuba masa 98 ba zai ƙara gudu ba, ba zai kuma rage shan mai yadda zai mayar da kuɗin ba. Babur da injin ban ruwa da ƙaramin janareta duk na kullum ya ishe su.

Yaya za mu san abin da motarmu ke so? Mu duba littafin da ya zo da ita, ko cikin murfin tanki, gama masu ƙira sukan rubuta lambar a wurin. Amma akwai abin da ke ruɗa mutane. Amurka tana da nata lissafin dabam. In motar daga can ta fito, aka ga an rubuta 87, wannan daidai yake da wajen 91 a lissafin da mu da Turai muke bi. Saboda haka fetur na kullum ya wadace ta. Motocin Turai da yawa kuwa 95 aka rubuta musu. Na zamani suna da wata na'ura mai jin ƙarar nan, ta jinkirta wutar fulogi don kada inji ya ɓaci, sai dai ƙarfi ya ɗan ragu. Tsofaffi masu kafireta ba su da ita, sai bakanike ya daidaita musu lokacin wuta.

A Ghana gidajen mai sukan sayar da iri biyu, 91 da 95, mutum ya zaɓa. A Nijeriya kuwa galibi iri ɗaya ne a famfo, wanda hukuma ke kira PMS. Ko da yake akwai kalmar firimiyam cikin sunan, shi ne dai na kullum. Don haka in wani ya tare ku a bakin hanya da jarka ya ce nasa na musamman ne, ku ƙara kuɗi, ku yi hattara.

Mu yi ɗan lissafi. A ce motar jam'iyya tana shan lita 60 a mako, a ce kuma bambancin farashi naira 100 ne a kowace lita. Naira 6,000 ke nan a mako, a shekara kuwa 312,000. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na shekarar 2023, kowace lita ta zama abin lissafi, kuɗin nan kuwa da taki ko iri aka saya da ya fi.

Abin da ya fi kashe injuna a ƙauyukanmu shi ne gurɓataccen mai. Ba mu manta da Fabrairu 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da kima, motoci da dama suka lalace a Legas da Abuja. Haka nan man da aka haɗa da kananzir oktan ɗinsa yakan faɗi ƙasa ƙwarai, na cikin tsohuwar jarka kuma ba ya rasa ruwa da ƙasa.

Shawararmu ga jam'iyyu ita ce, a sayi lambar da aka rubuta wa motar, kada a rage, kada kuma a ƙara. A riƙa shan mai a gidan mai guda da aka amince da shi, a karɓi rasit. A canja baƙin mai da matatar iska a kan kari, balle da hunturu sa'ad da ƙura ta yi yawa. Magatakarda ya ajiye littafi yana rubuta lita da kilomita na kowace tafiya, a karanta a gaban taron wata. In direba ya ji ƙarar tsakuwar nan, ya kai wa bakanike tun da wuri, kada ya jira sai inji ya buga.