Yaji da Biko: Haƙuri Yana da Iyaka

Daga Madarumfa har Ɗan Isa, Gabi da Safo, kowa ya san yaji, kowa ya san biko. Mace ta ɓata da mijinta, ta tafi gidan iyayenta. Miji ya aiko manya, a ba ta haƙuri, ta koma ɗakinta. Al'ada ce mai kyau muddin saɓanin na baki ne. Amma in duka ne ya fitar da ita, mayar da ita babu sharaɗi wasa ne da ranta.

Zalunci a gidan aure yana da alamu: mari da duka, zagi gaban ƴaƴa, hana abinci da magani, ƙwace kuɗin sana'arta, raba ta da danginta, tilasta mata kwanciya ko da ba ta da lafiya. Wanda ya taɓa shaƙe wuyan matarsa, ko ya yi mata barazanar kisa, a ji tsoronsa ƙwarai.

Ƙananan amare sun fi shiga wannan hali, domin ba su san inda za su kai kuka ba. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna cewa, cikin matan Nijar masu shekara 20 zuwa 24, kashi 76 cikin ɗari an aurar da su kafin su cika 18, kuma jahar Maradi ta wuce haka.

Wadda ta yanke shawarar fita, ta yi shiri a asirce, domin lokacin rabuwa ya fi kowane lokaci hatsari. Ta shaida wa mutum ɗaya amintacce. Ta ajiye takardun haihuwar ƴaƴa, katin shaidarta da ɗan guzuri a gidan ƴar'uwa. Kada ta faɗi maganar tafiya cikin faɗa. Ta fita sa'ad da ba ya gida. In akwai rauni, ta je gidan likita ta karɓi takardar shaida. In fyaɗe ne, a kai ta kafin awa 72, domin a ba ta maganin rigakafin sida.

Sarki da mai gari suna da ikon sasantawa. In sulhu ya gagara, alƙali yana iya raba auren. Duka da raunatawa laifi ne a kundin hukunta laifuka na 1961, wanda aka gyara a 2003. Jandarmomi suna karɓar ƙara. Tun 2011 kuma doka ta kafa hukumar taimakon marasa ƙarfi wajen shari'a.

Iyaye da shugabanni, in ƴarku ta dawo da rauni, ku duba jikinta kafin ku karɓi goron biko.